Sabuwar rauta ta ƙi karɓar tsofaffin kaya, a raba waifai na 2.4GHz da 5GHz ko a bar su haɗe?

Abu Safiyya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Don Allah masu ilimin waifai a taimaka min da shawara. Na canza rauta, wato na'urar da ke raba waifai, a gida nan Gyallesu, da ƴar ƙarama ce irin ta aljihu, yanzu na sa babba mai eriya huɗu, wayata da laftop sun hau lafiya lau gudun ma ya ƙaru, amma abu uku sun ƙi sam. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a jikin inbatar sola don a riƙa ganin cajin batir a waya, da kyamarar bakin ƙofa, sai tsohuwar wayar Hajiyarmu da take sauraron karatu da ita. Ita wayar Hajiya tana ganin sunan, in an sa fasuwod sai ta yi ta juyawa can ta ce an adana amma ba ta shiga ba. Kyamara da na inbata kuwa ko hanyar shiga ba sa kamawa. Wanda ya sayar min ya ce wai kayan ne suka tsufa in canza su, to ni Hajiya ta saba da wayarta ba ta son wata, inbatar kuma ai ba ta wani daɗe ba.

Ɗan Kongo: Wa alaikumus salam Yaya. Juya rautar ka duba takardar da ke manne a ƙasanta, an rubuta 2.4GHz da 5GHz duka ko ɗaya ne? kuma in ka buɗe waifai a wayarka suna nawa nata kake gani

Abu Safiyya: Duka biyun an rubuta, amma suna ɗaya tak nake gani

Mai Gyara na PZ: To shi ne fa. Alhaji kar ka sayi komai, wallahi kayanka lafiyarsu ƙalau. Irin wannan kullum sai an kawo min shago, mutum ya zo da waya a hannu ya ce waifai ɗinta ya mutu, in jona ta da tawa rautar ta hau nan take. Setin ne kawai. Bari Injiniya ya zo shi ya fi iya baje shi.

Injiniya Samaru: Salamu alaikum. Malam Abu Safiyya, rautar nan taka rediyo biyu ne a cikinta, ɗaya yana aiki a kan zangon 2.4GHz ɗaya a kan zangon 5GHz, sai kamfanin ya rufe su da suna ɗaya ya ce ita rautar ce za ta riƙa zaɓa wa kowace na'ura inda za ta zauna. A setin za ka ga an rubuta Smart Connect ko Band Steering, kowane kamfani da sunan da yake ba shi.

2.4 ita ce ta asali da kowa ya sani, tun 1999 da aka fito da tsarin waifai mai suna 802.11b ta bazu, lokacin gudunta megabit 11 ne a daƙiƙa, a 2003 aka zo da tsarin g mai kai 54. Ita ma 5 ɗin tun 1999 akwai ta amma ba ta shiga hannun mutane ba sai bayan an fito da tsarin n a 2009, sannan tsarin ac wajen 2013 wadda ita a kan 5 kaɗai take aiki. Ko iPhone sai a kan iPhone 5 na 2012 ya fara ganin 5GHz. Bambancinsu a taƙaice, 2.4 tana zuwa nesa tana ratsa bango amma cunkoso ya yi mata yawa kuma gudunta kaɗan ne, 5 tana da gudu da fili amma bango biyu masu kauri sun isa su karya ta.

Maganar wai kayanka sun tsufa ba haka ba ne. Yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi da ƴan sandunan waifai na inbata da kwan fitila mai haɗuwa da waya, ko yau aka ƙera su 2.4 kaɗai ake sa musu, saboda guntun da ke yin aikin ya fi araha, ba sa buƙatar gudu, kuma galibi can nesa da rauta ake kafa su, a bakin ƙofa ko ɗakin batir. Matsalar tana zuwa ne lokacin haɗawa. Wayarka sabuwa ce, rauta ta jefa ta kan 5, kai kuma da wayar kake son miƙa wa kyamara suna da fasuwod, manhajar kyamarar ta duba ta ga kana kan 5 sai ta ƙi, ko ta aika saƙon ta inda kyamarar ba ta ji.

Abu Safiyya: Allah ya ƙara ilimi Injiniya. To ya zan yi in raba su?

Injiniya Samaru: Ka jona da rautar ka buɗe burauza ka rubuta adireshinta, yana nan a takardar ƙasan, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu kuma 192.168.8.1. Ka shiga ɓangaren waifai ka kashe wancan abin na haɗe su, za ka ga gida biyu sun fito kowanne da wajen rubuta suna. Ga dabarar da za ta rage maka wahala, ita 2.4 ka sa mata ainihin sunan tsohuwar rautarka da ainihin fasuwod ɗinta, harafi da harafi, babba da ƙarami yadda suke. Kyamara da na inbata ba su san an canza rauta ba, suna da fasuwod kawai suka haddace, da sun gani za su koma da kansu ba sai ka ɗauko tsani ka hau ka sake musu setin ba. Ita kuma 5 ka ba ta wani suna daban. Kuma sunan ya zama haruffa da lambobi zalla, kar ka sa ƙ ko ɗ ko ƴan hotunan nan na dariya, ƙananan na'urori da yawa suna rikicewa a kansu.

Wayar Hajiya kuwa ina kyautata zaton ba maganar 2.4 ko 5 ba ce, tunda tana ganin sunan. Tsarin tsaro ne. Sababbin rautoci suna zuwa da WPA3 wanda aka fito da shi a 2018, Android kuma sai daga na 10 ya fara gane shi, kuma ko an sa rautar a kan gaurayen WPA2 da WPA3 wasu tsofaffin wayoyi sai su cije daidai inda ka ce, ta ce an adana ta tsaya. Ka mayar da 2.4 ɗin kan WPA2 zalla mai AES. Amma don Allah kar ka sauka ƙasa da haka, tsohon tsarin WEP an daɗe da fasa shi, na TKIP kuma zai ɗaure maka gudu a 54 komai kyan rautar.

Ɗan Kongo: Injiniya da girmanka amma ni nan ban yarda ba gaskiya. Raba suna ai koma baya ne, yanzu mutum yana falo yana kan 5 ya fita tsakar gida ko ya shiga bayi sabis ya yi ƙasa, wayar ta liƙe wa 5 ɗin tana jan ƙafa har sai ya shiga setin ya canza da hannu, wa ke da lokacin wannan? In suna ɗaya ne ita da kanta za ta sauka 2.4 ta dawo in ya dawo. Kuma duniya can ta nufa, Wi-Fi 6E ya zo da 6GHz, Wi-Fi 7 ma waya ɗaya tana iya riƙe zango biyu a lokaci guda, to in ka rarraba sunaye ka kashe wannan amfanin. Saboda kyamara ɗaya a hana gida duka jin daɗi?

Mai Gyara na PZ: Ɗan Kongo mutum nawa ne a Zariya ke da waya mai Wi-Fi 7? Ni ina ganin wayoyin mutane safe da yamma, har yanzu akwai ƙananan Android sababbi a kwali da ba sa ganin 5 ɗin ma kwata-kwata. Ka yi maganar gidajenmu yadda suke, gida ɗaya za ka samu wayar maigida ta bana, ta uwargida ta shekara biyar, ta kaka wadda jika ya bar mata, ga talabijin, ga laftop na hannu da aka sayo wa ɗan makaranta.

Ɗan Kongo: To ai shi ya sa na ce a bar wa rauta ta yi aikinta Oga, ita ta san wanda ke iya 5 da wanda bai iya ba

Injiniya Samaru: Ƙanena maganarka akwai gaskiya a ciki, ban ƙi ba. A gidan da aka sa rautoci biyu ko uku masu aiki tare, ko kayan gidan duk sababbi ne, ni ma suna ɗaya nake bari. Amma abin da mutane ba su sani ba, rauta ba ta da ikon ɗaukar waya ta ajiye ta a wani zango, wayar ce ke yanke hukunci. Abin da rauta ke yi shi ne ta ba da shawara, ko ta yi jinkirin amsawa a 2.4 don wayar ta gaji ta nemi 5, wasu ma korar na'urar suke yi don ta sake shiga. Rauta mai tsada ta iya wannan a hankali, mai araha kuwa sai ta yi wa kyamarar da ba ta da wani wajen zuwa irin wannan jan rai, shi ne za ka ga tana shiga tana fita.

Sannan ga abin da ya shafe mu mu da ake ɗauke wa wuta. In wuta ta dawo rauta ta tashi, 2.4 ce ke fara fitowa. Kowane zango an raba shi zuwa tashoshi masu lamba, to in 5 ɗin tana kan tashoshin nan daga 52 zuwa wajen 140 waɗanda ake rabawa da na'urorin hangen jirgi da na yanayi, doka ta sa sai ta yi shiru ta saurara kamar minti ɗaya kafin ta fara aiki. Kafin nan duk wayoyin gidan sun riga sun duru kan 2.4, kuma da yawansu nan za su zauna tunda ba abin da ya dame su. Kai kana ganin suna ɗaya ba ka san a ina kake ba, kawai ka ji abu ya yi nauyi. In sunan daban ne ido ɗaya za ka yi ka gane. Shi ya sa ma nake cewa a kafe 5 ɗin a kan tasha 36 ko 40 ko 44 ko 48, waɗannan ba ruwansu da wancan jiran.

Maman Ilham: Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo muku tsakiya. Ni tambayata wannan 5 ɗin da kuke ta faɗa ita ce 5G da ake talla? Don ni a wayata ina ganin sunan waifai ɗinmu da 5G a ƙarshensa amma maigidan ya ce sim ɗin da ke ciki 4G ne

Ɗan Kongo: A'a Anti ba ɗaya ba ne. 5G na kamfanonin waya ne, tsakanin dogon ƙarfen sabis da sim ɗinki, MTN ta fara shi a Najeriya a 2022 Airtel ta biyo a 2023. Wannan kuwa 5GHz ne, tsakanin rauta da wayarki a cikin gida kawai, wasu kamfanonin rauta ne ke gajarta shi su rubuta 5G. Maigida ya yi gaskiya

Maman Ilham: To madalla na gode. Sai ta biyu, mu muna cikin birni ne wajen Ƙofar Doka, gidan gado ne na ƙasa, bangon ɗakina in ka tsaya a bakin ƙofa kaurinsa ya kai kamu ɗaya da wani abu, an dai yi masa shafen siminti daga waje. Rautar tana ɗakin maigida kusa da zaure saboda nan ne sabis ke kamawa, ni kuma ina can ciki ina sana'ar turaren wuta da atamfa, hotuna da bidiyo nake tura wa masu saye duk yini. Mai 5 ɗin nan da na wuce tsakar gida take ɓacewa, ɗayar ke isowa da sanda ɗaya ko biyu, da damina kuwa abin har ya fi lalacewa, bidiyo ɗaya sai in tafi in ɗora girki in dawo bai gama tafiya ba. Yaran gidan sun ce in sayi ɗan abin nan da ake soka wa a soket yana ƙara ƙarfi.

Injiniya Samaru: Hajiya abin da kika lura da shi na damina gaskiya ne, bangon ƙasa in ya sha ruwa ya fi cinye sigina, don ruwa yana shanye irin wannan zangon. Ke kam 2.4 ce taki, kar ki wahalar da kanki da neman 5 daga wancan nisan. Shi abin soket ɗin yana taimakawa amma ki san halinsa, abin da ya ji shi yake maimaitawa, in kika sa shi a ɗakinki inda sanda ɗaya ce, zai nuna miki sanda cike a waya alhali abin da ke bayansa sanda ɗayan nan ce, kuma irin mai rediyo ɗaya yana raba gudun kusan biyu saboda shi ke karɓa shi ke miƙawa. In dole sai shi to a tsakiyar hanya ake sa shi, misali a rumfar tsakar gida.

Abin da ya fi shi nesa ba kusa ba shi ne waya. A sayi kebul na netwok Cat6, yana kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba, a ja shi daga bayan rautar maigida a bi ta saman katanga cikin bututun roba saboda rana da ɓera, a shigo da shi ɗakinki a jona da wata ƴar rauta ko tsohuwa ce, a mayar da ita mai rarraba waifai kawai. Shi ke nan kin samu 2.4 da 5 ɗinki a cikin ɗaki ba bangon da ya shiga tsakani. Ita rauta mai sim kullum haka take sa mutum tsaka mai wuya, sim yana son bakin taga, waifai yana son tsakiyar gida, kebul ne kawai ke raba gardamar.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, zan nuna wa maigidan wannan in ya dawo

Kawu na Sabon Gari: Ni dai ina karantawa tun ɗazu. Ina da shagon buga takardu da cike fom na ɗalibai, kuma tambayata ɗaya ce wadda ba wanda ya taɓa. Duk wannan raba da haɗa da kuke, sim ɗin nan a wajenmu in ya yi ƙoƙari da rana ya ba ka megabit 10 ko 15, ita 2.4 ai ta fi ƙarfin wannan. To mene ne amfanin 5 ɗin in dai abin da ke shigowa daga waje bai kai ya kawo ba? Ni ina ganin a kashe ta ma kawai kowa ya huta.

Ɗan Kongo: Kawu a takarda haka ne, amma zo hostel ɗinmu ka buɗe waifai ka gani, sunaye sun fi ashirin, kowa da ƴar rautarsa ko ya kunna hotspot, ga Bluetooth na kunne da na sifika duk a 2.4 suke. Ina kan 2.4 kiran bidiyo yana yankewa, na koma 5 da sim ɗin nan dai ɗaya ya daidaita

Injiniya Samaru: Kawu ranka ya daɗe, tambayar nan ita ce gindin maganar. Waifai ba kowa ke magana lokaci ɗaya ba, a tasha ɗaya bi da bi ake yi, in wata na'ura tana aikawa sauran jira suke, har da na maƙwabci in tasharku ɗaya. To tsohuwar na'ura ko wadda ke can nesa da sanda ɗaya a hankali take aikawa, abin da sabuwar waya za ta tura cikin ƙiftawar ido ita sai ta riƙe hanya ninkin ba ninkin. Ka san lungunan cikin birni, in mai kurar ruwa ya riga ka shiga, ko yau ka fito da babur ɗinka daga shago sai dai ka bi bayansa har ya fita. Amfanin 5 ke nan ko da sim ɗinka bai da gudu, ka kwashe masu sauri ka ba su tasu hanyar, su ma tsofaffin su samu sarari a tasu.

Kuma 2.4 tashoshi 13 ake gani a jere amma suna hawa kan juna, uku ne kawai ba sa taɓa juna, 1 da 6 da 11. A wuri irin Sabon Gari da shago ke jikin shago, ka sauke manhajar nan WiFi Analyzer a Android ka ga wacce ta fi sauƙin cunkoso cikin ukun ka zauna a kanta, faɗin tasha kuma ka bar shi a 20MHz, kar ka sa 40 don an ce ya fi gudu, a cikin taro rigima kawai yake ƙarawa. Manhajar za ta nuna maka ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi, -50 ya yi kyau sosai, wajen -67 ana aiki, in ya kai -80 sai haƙuri.

Mai Gyara na PZ: Tunda an zo maganar tasha bari in ƙara wannan don ya shafi masu laftop na hannu. Wanda aka yi don kasuwar Amurka tasha 1 zuwa 11 kawai ya sani a 2.4, in rautarka tana kan zaɓi da kanta ta je ta zauna a 12 ko 13, wasu daga cikinsu ko sunan ba za su gani ba, yau ya yi gobe ya ƙi, mutum ya ɗauka katin waifai ne ya lalace. Kafe ta a 1 ko 6 ko 11 ya kashe wannan ma. Wanda kuma ke son sanin ko laftop ɗinsa na iya 5, a Windows ya buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ya rubuta netsh wlan show drivers, ya duba layin nau'in rediyo, in ya ga a ko ac ko ax to akwai alamar yana iyawa musamman a da ac, in b da g da n ne kawai to galibi 2.4 ce. Maganinsa ɗan waifai na USB mai zango biyu, ba sai an canza laftop ba. Masu gidan gem ma su sani, PS4 na farko 2.4 kaɗai yake gani, Slim da Pro ne ke ganin 5, kuma duk abin da ba ya motsi daga inda yake gara a ja masa kebul.

Abu Safiyya: Alhamdu lillahi jama'a, na raba na sa tsohon suna, na inbata da kyamara sun dawo da kansu, wayar Hajiya kuma sai da na canza zuwa WPA2 sannan ta shiga, yanzu haka tana jin karatunta ta ce a gaida ku tana sa muku albarka. Amma maganar Ɗan Kongo ta tsaya min, don na fita wajen mota yanzu na ga wayata ta riƙe 5 da sanda ɗaya.

Ɗan Kongo: Ameen mun gode wa Hajiya. Ka gani ko Yaya, abin da nake faɗa ke nan

Baban Yara Hanwa: Akwai hanya ta uku ai, ita nake yi a gidana. Babban sunan na bar shi haɗe don wayoyi da laftop, sai na buɗe sunan baƙi, wato wanda rauta ke bayarwa don masu ziyara, na sa shi a 2.4 kaɗai da WPA2, na zuba kyamarori da kayan sola a can. Kowa ya samu abin da yake so, kuma ko ta fuskar tsaro ya fi, don ƙananan kyamarorin nan ba kasafai ake sabunta musu manhaja ba, gara a ware su daga inda kake shiga banki. Masu Starlink kuma, intanet ɗin nan na tauraron ɗan adam, tunda ta shigo Najeriya a 2023 na ga ta fara yawa a unguwarmu, a cikin manhajarsu akwai wajen raba 2.4 da 5, kunnawa kawai ake yi.

Kawu na Sabon Gari: Alhaji wannan ta baƙin ban da firinta fa. Sunan baƙi an yi shi ne don wanda ke ciki kar ya ga sauran kayan gida, in ka sa firinta a can kwamfuta ba za ta same ta ba, kana ganin duka suna kan intanet amma ka tura takarda shiru. Firinta dole ta zauna a babban, ita a 2.4 kwamfuta a 5 ba komai suna ganin juna tunda rauta ɗaya ce.

Baban Yara Hanwa: Wannan gaskiya ne Kawu, har da abin da ake tura bidiyo da shi daga waya zuwa talabijin. Wanda ke bi ta intanet ya dawo kamar na inbata shi ne ya dace da can

Injiniya Samaru: Hanyar Alhaji tana da kyau in rautar ta yarda a zaɓa wa sunan baƙi zango, ba duka ke yarda ba. Malam Abu Safiyya kai kuma ba sai ka sake taɓa komai ba, ka adana duka sunayen biyu a wayarka, in 5 ta yanke za ta faɗa 2.4 da kanta, abin da ba ta cika yi ba shi ne komawa 5 in ka dawo ciki, wannan sai ka taɓa. Laftop da talabijin da ke kusa da rauta kuwa ka sa su manta da 2.4 gaba ɗaya, 5 kaɗai za su sani. Ni a gida mai gauraye irin naka wannan na fi amincewa da shi, don ranar da abu ya ƙi ka san inda za ka duba. Ka kuma ɗaga rautar sama, kar ta zauna a bayan talabijin ko cikin durowa ko kusa da na'urar ɗumama abinci, ita ma a wajen 2.4 take aiki.

Maman Ilham: Injiniya wata ƙawata ta ce tunda suka koma 5 data ɗinsu ke saurin ƙarewa, da gaske 5 ta fi shan data? Don in haka ne ni a bar ni a inda nake

Mai Gyara na PZ: Hajiya ita kanta ba ta shan komai, hoto mai megabait 3 ko ta ina ya bi 3 ne. Abin da ke faruwa, in hanya ta buɗe YouTube da TikTok da kansu suke ɗaga ingancin bidiyo, wanda da yake kallo a 360 sai ya koma 1080 bai sani ba, kuma waya in ta ga waifai ɗauka take kyauta ne sai ta hau sabunta manhajoji da kwashe hotuna tana ajiyewa a intanet. Ki shiga setin waifai ɗin a wayarki ki nuna mata cewa wannan layin na awo ne, a Android an rubuta metered, sannan a YouTube ki zaɓi mai tsimin data. Wayoyin yara su za ki fara yi wa.

Ɗan Kongo: Oga kafin a watse, ɗan ɗakinmu laftop ɗinsa ba ya ganin hotspot ɗin wayata amma yana ganin na kowa, shi ma wannan ne?

Mai Gyara na PZ: Shi ne. Wayarka tana bayarwa a 5 laftop ɗin bai iya ba. A Android shiga setin hotspot ka nemi wajen zaɓen zango ka mayar 2.4, in iPhone ne daga 12 zuwa sama ka kunna Maximize Compatibility, zai gani. In kun gama kana iya mayarwa 5 tunda ka ce cunkoso ya yi yawa a wajenku.